Gwiwar da ke kumbura ba a hwaɗi ba



Yau zancen gwiwa za mu yi. Cikin kowace gaɓa akwai wani tantani mai laushi. Shi ke ba da ruwan da ke sa ƙashi ya motsa ba guga, kamar mai ga injin niƙa. Wani lokaci tantanin nan ya kan yi kauri, ya tsiro nama. Ba kansa ba ce, ba ta yaɗuwa cikin jiki. Amma in anka bar ta shekaru, ta na cin guringuntsi, har mutum ya kasa durƙusawa gona.

Cutar nan ba ta da yawa. Ta hi kama gwiwa, kuma gwiwa guda. Ba ciwon tsuhwa ba ne: masu shekara 20 zuwa 50 ta hi samu. Mutum bai hwaɗi ba, ba ya masassara, amma gwiwa ta kumbura, ta sace, ta sake kumbura, wata da watanni. Wani sa'i ta kan ƙage ana cikin tahiya.

Na san abin da aka saba: a kira wanzami ya yi tsaga, ya sa ƙaho. Jinin da ƙaho ke ja na hwata ne, naman ya na can ciki. Tsaga kuwa na iya buɗe ma ƙwayoyin cuta hanya, gaɓa ta yi mugunya.

Ku tahi likita. Lokotoro zai zuƙo ruwan gaɓa da allura mai tsabta. In ya hito da jini-jini alhali ba rauni, wannan alama ce. Hoton ƙashi na iya nuna lahiya lau, don nama ba ya hitowa sosai cikinsa. Akwai wani inji da ake ce ma IRM, shi ke ganin nama, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba. Saboda haka in an ba ku takarda zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, kar ku ajiye ta. Can za a ciri ɗan nama a duba, don tarin huka ma na kama gaɓa, kuma maganinsa daban ne.

Maganin cutar nan aiki ne: a hiɗe a cire naman. Bayan aiki a riƙa motsa gwiwa yadda aka gwada, kar ta sandare. Ta kan dawo ga wasu, don haka a koma awo ranar da aka sa, ko da an ji sauƙi.

Amma gwiwar da ta kumbura kwana ɗaya ko biyu, da zahi da masassara, wannan wata cuta ce. A kai mutum likita ran nan, ko bisa amalanke.