Ɗan Uwa A Turai Da Ƙaton Kare A Ɗakin Haya: Ina Dalili?

Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin 'yan uwa ya gabatar a zaman ta'alimin matasa na mako-mako. Mun kawo shi ne domin amfanin 'yan uwa da ke ƙasashen waje da masu shirin tafiya. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da Alayensa da Sahabbansa. 

Abin da ya jawo wannan magana shi ne saƙon wani ɗan uwanmu da muka yi Islamiyya tare, wanda yanzu yake karatu a Jamus, a jihar nan da birnin Bon yake, wato mazaunin gidan rediyon Muryar Jamus. Yana haya a hawa na huɗu na wani bene, ciki da falo. Ya ce kaɗaici ya ishe shi, ga sanyi, ga dogon dare, kuma duk inda ya juya a unguwa sai ya ga mutum janye da kare. Shi ma yana son ya samu babba, irin Alsashiyan ɗin nan da muke gani a hannun 'yan sanda. Tambayarsa biyu ce: ina zai same shi, kuma yaya zai riƙe shi a ɗaki? Na ce masa ya tsallake tambayar farko, ita ce: me Allah da Manzonsa suka ce?

To 'yan uwa, Musulunci bai ɗauki kare abokin gaba ba. A cikin Suratul Ma'ida Allah ya halatta mana cin abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. A Suratul Kahfi an ambaci karen samarin nan da suka gudu da imaninsu. Amma hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim sun nuna cewa duk wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin shuka ba, kullum ana rage masa lada, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Kuma ya inganta cewa Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Muslim ya ruwaito yadda Mala'ika Jibrilu ya jinkirta zuwa wajen Manzon Allah (S) saboda wani ɗan kwikwiyo da ya shige ɗakinsa. To kai da kake ciki da falo, inda kake salla nan kake barci, nan kake karatun Alƙur'ani, ina za ka kai karen?

Mu duba shi kansa karen. Alsashiyan wani tsohon hafsan sojan doki na Jamus mai suna Maks fon Istefanis ne ya tsayar da irinsa a 1899, don kiwon tumaki. Namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Rotwaila kuwa ya samo sunansa daga garin Rotwail na Jamus, inda mahauta suke kora shanu da shi zuwa kasuwa, kuma yakan kai kilo 50. Kun ga ashe su kansu Turawan don aiki suka samar da waɗannan karnuka, aikin da shari'a ta yarda da shi. Dabba ce ta fili da gudu. Kai kuwa za ka fita makaranta da sassafe, daga can ka wuce wajen aiki, ba ka dawowa sai bayan Isha. Ka kulle shi tsakanin bango huɗu yana haushi, yana yagar kujera, yana hana maƙwabta barci. Mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Za ka ce kai kana ba shi abinci. Na ji. Amma haƙƙin dabba bai tsaya ga ciki kawai ba, kuma za a tambaye ka.

Sannan ga dokar ƙasar. A jihar da ɗan uwan nan yake, tun 2003 duk karen da ya kai tsayin santimita 40 ko nauyin kilo 20 ana lissafa shi babban kare. Dole ka yi masa rajista a hukuma, ka kawo shaidar cewa ka san yadda ake riƙe kare, ka yi inshora saboda ɓarnar da zai iya yi, a kuma dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Bayan wannan akwai harajin kare da ƙananan hukumomi ke karɓa duk shekara, kamar dai jangali. Ga kuɗin abinci, ga likitan dabbobi, ga neman yardar mai gida. Idan ka je gidan da ake ajiye dabbobin da aka yasar don su ba ka ɗaya, sai sun tambaye ka girman ɗakinka da awa nawa kake yi a waje. Idan kuwa daga gida Nijeriya za ka ɗauko shi, sai an yi masa rigakafin ciwon haukan kare, a jira kwana 30 a ɗebi jininsa a gwada, sannan a sake jira wata 3 kafin ya shiga Tarayyar Turai.

Masu zuwa Ingila su ma su sani, tun 1991 akwai dokar da ta haramta wasu nau'o'in karnuka masu haɗari. Daga watan Fabrairun 2024 kuma, ajiye ƙaton karen nan da ake kira XL Bully ba tare da takardar izini ba ya zama laifi, wanda ya samu izinin ma dole ya sa masa takunkumi da igiya in zai fita da shi. Ɗan uwa, kai baƙo ne, takardar zamanka ta ɗan lokaci ce. Karenka ya ciji ɗan mutane, wa zai tsaya maka? Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya.

Kuma ku yi lissafi. Irin wannan kare yakan yi shekara 10 a duniya, wato kwana 3,650. Karatunka shekara 2 ne ko 3. Ranar da za ka dawo, wa za ka bar wa? Ladan da aka yi ta ragewa duk waɗannan kwanaki, a ina za ka mayar da shi?

Wani zai ce ai don tsaro ne. Gaskiya ne malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin shuka idan akwai tsoro na haƙiƙa. Ana hakaito cewa Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risalar nan da muke karantawa, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cutarwa. Alhali shi ne a cikin Risalar ya hana ajiye kare a gidajen birni. Lalura ce ta sa shi. Haka makahon da kare ke yi wa jagora, shi ma yana da tasa maganar wajen malamai. Amma kai da kake hawa na huɗu, ƙofar bene da makulli, ƙofar ɗaki da makulli, wace katanga ce ta faɗi?

Yanzu kada wani ya ji wannan ya je ya buɗe gaba da karnukan maƙwabta. Wannan ma jahilci ne. Mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Jifan kare da yaranmu ke yi a unguwa ba addini ba ne. Idan kun haɗu da maƙwabci da karensa a matakala, ka gaishe shi da fara'a, ka ba su hanya. In karen ya shafi rigarka kada waswasi ya kama ka. A mazhabar Imam Malik kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne kawai. Shafi'awa da Hambalawa su ne suka ɗauke shi najasa. Kowa ya bi abin da ya karanta da ilimi, ba da ƙyama ba.

'Yan uwa, ciwon ɗan uwan nan na gaskiya shi ne kaɗaici. Rayuwar can ta raba ɗa da uba, ta raba maƙwabci da maƙwabci, har mutane da yawa suka koma neman abokin hira wajen dabba. Mu Allah ya ba mu jama'a. A Jamus akwai Musulmi sama da miliyan 5. A jiharsa ɗin nan akwai babban masallaci a Duisbog da aka buɗe a 2008, da na Kolon da aka buɗe a 2018, ban da ƙanana birjik a unguwanni. Na ce masa lokacin da zai ɓata yana zagaye da kare safe da yamma, ya taka zuwa sallar jam'i, ya nemi halƙar karatu, ya ziyarci marar lafiya. Kuɗin abincin karen kuma akwai marayu a unguwarsu da ke jiran sa.

Laifin ma har da namu. Yaushe rabon da mu kira shi? Ɗan uwa ya tafi, mun raka shi tasha, shi ke nan mun manta da shi sai ranar da muke neman taimako. Don haka kafin mu tashi, duk wanda yake da ɗan uwa a waje ya ɗauki alƙawarin zai neme shi cikin makon nan, ya tambayi sallarsa da karatunsa da wanda yake zama da su.

Allah ya tsare mana imaninmu a gida da waje, ya dawo da matafiyanmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, malamai su gyara mini. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.