Farar Dalma a Zanen Fenti

Farar dalma hoda ce da masu zane a Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna kwaɓawa da mai. Farinta ba fari fat ba ne, yana ɗan karkata zuwa ruwan madara, shi ya sa ta dace da zana fatar mutum da hasken fitila.

A Holand, cikin ƙarni na 17, akan naɗe fallayen dalma a sa su a tukwane masu ɗan ruwan tsami, a binne cikin kashin doki na tsawon watanni. Zafin takin da tururin tsamin sukan ci ƙarfen har ya yi ɓawo fari, sai a kankare a niƙa. Da wannan farar dalma masu zane Rembrandt da Vermeer suka yi aiki. Tana saurin bushewa, ba ta cika tsagewa ba, kuma hoton eksire yana nuna ta sarai, har masana kan gano gyaran da mai zane ya ɓoye.

Aibinta guba ce, kuma ma'aikata ta fi yi wa illa. A 1921 aka ƙulla yarjejeniya a Janeba don taƙaita amfani da ita a fentin cikin gidaje, farar titaniyam kuma ta karɓe kasuwa.