Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai

 

Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in ɗan yi tsokaci a kan ginin kasuwanci, wato shaguna, rumbunan ajiya, masauki da makamantansu, saboda an lura da yawa daga cikinmu sun fara sayen fulotai, wasu malamanmu kuwa da suka kusa ajiye aiki suna tunanin zuba kuɗin garatutinsu a shaguna don su riƙa karɓar haya. Niyya ce mai kyau. Sai dai a 'yan shekarun da na yi a ofis fayil-fayil na gine-gine suna ratsawa ta teburina, na lura yawancin ginin da ya tsaya a linta ciyawa ta cinye shi, tun ba a sauke tifar yashi ta farko ba ya samu matsala.

Bari in fara da misali daga nesa, don kada wani ya ce da shi nake. A birnin Sidni na ƙasar Ostireliya akwai wani shahararren gidan wasanni a bakin teku, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa. Gwamnati ta matsa aka fara aikinsa a 1959 alhali mai zanen, Jørn Utzon ɗan ƙasar Denmak, bai gama warware yadda za a yi rufin ba. An ƙiyasta dala miliyan 7 ta ƙasar, a gama a 1963. Da aka zo ɗora rufi sai aka tarar ginshiƙan da aka riga aka kafa ba za su ɗauke shi ba, dole aka sake su. Mai zanen ya ajiye aikin a 1966, ba a buɗe ginin ba sai 1973, bayan ya lashe dala miliyan 102. To, gwamnati ce wannan, tana da inda za ta nemo cikon. Malamin makaranta da garatutinsa fa, ina zai nemo?

Abu na farko shi ne takarda. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne na wa'adi, kuma sayar da fili mai takardar shaidar mallaka ko jinginar da shi a banki yana bukatar amincewar gwamna. Takardar dillali da sa hannun shaidu biyu ba ta wadatar ba. A je ma'aikatar filaye a bincika ko sunan mai sayarwa ne a fayil, ko filin na jingina, ko hanya za ta bi ta kansa. A kuma duba abin da aka ba da filin dominsa, domin fulotin da aka yanka don gidan zama ba a mai da shi shaguna sai an nemi izinin canji. Bayan haka sai amincewar hukumar tsara birane, irin su KNUPDA a Kano. Na sani ana ƙorafin jan ƙafa a ofisoshinmu, kuma ba zan tsaya a gaban malamaina in ce ƙarya ake yi mana ba. Amma jiran wata biyu ko uku ya fi sauƙi a kan ka wayi gari ka ga jan fenti a bangonka bayan ka zuba dakin.

Sai ƙasar kanta. A tsofaffin garuruwanmu akwai filaye da yawa da asalinsu kududdufai ne da aka cike da shara, akwai kuma fadamu da laka mai kumbura da damina ta tsage da rani. Ido ba ya gane wannan, sai an haƙa an auna. Sakamakon gwajin ƙasa shi ke gaya wa injiniya irin fandishon da zai yi da yawan rodin da zai sa. A nan ne kuma ya wajaba mai gini ya faɗi gaskiyar abin da ke ransa. In kana da burin hawa uku nan gaba, faɗa tun yau a yi tushe na hawa uku, ko da ƙasa kaɗai za ka iya ginawa bana. Ɗabi'ar nan ta ganin haya ta yi kyau sai a ƙara bene a kan tushen da ba a yi shi don haka ba, wasa ne da rayukan mutane. Mun ga dogon bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, mun kuma ga wanda ya faɗi a titin Beirut a Kano a Agustan 2022, dukansu ana cikin aikinsu.

Malamin lissafinmu yana nan zaune, saboda haka zan yi hattara da batun kuɗi. Kafin a fara, a sami mai ƙiyasin kayan gini ya fitar da jadawali: buhun siminti nawa, rodi tan nawa, bulo nawa, ladan birkila da kafinta da lebura nawa. Da wannan takarda ake gwada farashin 'yan kwangila, in ba ita kuwa, duk abin da aka faɗa maka sai ka ce to. Kuma a ware wani abu a gefe, ko da kashi goma cikin ɗari, don abin da ba a zata ba. Wanda ya fara gini a farkon 2023 ya ga yadda cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira suka yi da lissafinsa, har buhun siminti ya haura naira dubu goma a farkon 2024. In kuɗin ba za su kai ba, a raba aikin mataki-mataki tun a takarda, ta yadda shaguna huɗu za su kammalu a rufe su a ba da haya, maimakon goma sha biyu da za su tsaya ba rufi ruwa na dukansu.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta raba ginin kasuwanci da gidan zama: wa zai kama hayar? Mai kantin magani, mai sayar da atamfa da mai gidan abinci ba buƙatarsu ɗaya ba. Ina mota za ta tsaya ta sauke kaya? Ina masu saye za su ajiye ababen hawansu? Ina banɗaki, ina ruwa, ina za a sa janareta ko faifan sola, ta ina mutane za su fita in gobara ta tashi? Sau da yawa mai fili yakan cinye filin kaf da shaguna har ya hau kan magudanar ruwa, wai kada taku ɗaya ya tafi a banza. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da ambaliya ta lalata wa kaya a daminar 2022 sun san abin da toshewar lambatu ke jawowa. Gyara layi a kan zane aikin fensir da abin gogewa ne, amma matsar da bango bayan an gina shi sai da guduma, kuma sau biyu za ka biya.

Game da ma'aikata, a nemi mai zane da ke da rajista da ARCON da injiniya mai rajista da COREN, a rubuta yarjejeniya, a riƙa biya gwargwadon aikin da aka gani da ido. Ko da ɗan kwangilar ɗan ajinmu ne, a rubuta. Zumuncin zai fi daɗewa.

Daga ƙarshe a duba kalanda. Haƙa fandisho a watan Agusta wahala ce, rami na cika da ruwa, tifa na kafewa a hanya. Kankare kuma yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, yana son a riƙa ba shi ruwa musamman a kwanakin farko, ga shi iskar hunturu da zafin bazara suna saurin busar da shi. Don haka wanda ke son ya fara haƙa bayan ɗaukewar ruwa a watan Oktoba, ya kamata a ce takardunsa da zanensa sun shiga ofis tun kafin faɗuwar damina. Duk mai fili a hannu da yake son a duba masa takardunsa, ina nan har a tashi daga taro.