Darasin Da Bushin Ya Koya Mini

Malam shugaba, malamanmu masu girma, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na gode da wannan dama da aka ba ni. An ce in yi magana a kan sana'ata ta kanikanci, ni kuwa na zaɓi wani ɗan ƙaramin abu a ƙarƙashin mota, wato bushin.

Bushin roba ce a cikin zoben ƙarfe. Tana zaune ne inda ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, wanda muke kira lowa-am, ya haɗu da jikin mota. In ta mutu, za ku ji ƙwanƙwasa a gargada, taya ta riƙa cinyewa gefe guda, mota kuma ta karkace in an taka birki.

Ina da tsohuwar bas ƙirar Toyota Hiace da nake jigilar fasinja da ita daga Zuru zuwa Kontagora ta Rijau. Wata rana na canza mata bushin, amma don gaggawa na ɗaure notuna tam tana kan jak, tayoyi na lilo. Da na sauke ta, nauyinta ya murɗe robar, ban sani ba. Ba a jima ba ta yage. Rannan kusa da Rijau shanu suka shigo titi, na taka birki, sai motar ta fizge ta nufi rami, ga ta cike da mutane. Allah ne kaɗai ya tsare. Laifin nawa ne.

Don haka, jama'a, ga abin da za ku lura da shi ko a garejin wa kuka je. A canza hagu da dama tare. A tura sabuwa a hankali da abin matsewa, kada a buga ta da guduma. A shafa mata ruwan sabulu, domin giris da baƙin mai suna cin roba. A ɗaura notuna sako-sako, sai mota ta tsaya da nauyinta a ƙasa sannan a ƙarasa ɗaurewa. Daga nan a kai ta a daidaita tayoyi.

Malamai, kun sha gaya mana a aji cewa sauri ya haifi nawa. Ni dai sai a hanyar Rijau na gane.

Allah ya kiyaye hanya, ya bar zumunci. Wassalam.