Lamba Shida da Ba a Bayarwa

A yau ɗan kasuwar aya a Cadawa ko mai sayen wake a Gazawa ba ya jiran ranar kasuwa kafin ya ji farashi. Saƙon murya ɗaya ta WhatsApp ya isa, ko da mutum bai yi boko ba. Wannan alheri ne babba, amma ɓarayi ma sun gano hanyar.

Ga yadda suke yi: saƙo zai shigo salularka ɗauke da lambobi 6, sai wani ya kira da ladabi ya ce kuskure aka yi, ka karanto masa. Da zarar ka karanta, ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wajen 'yan uwanka na Gidan Rumji da waɗanda ke ci-rani a Kano.

Maganin kyauta ne, tun 2017 yake nan. Shiga Paramètres na WhatsApp, sannan Compte, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka sa lambar sirrinka.

Samari masu cajin waya a kasuwannin Agye, don Allah ku nuna wa iyayenmu.