Ƙarin Da Ke Tsira A Ƙarƙashin Ƙwaƙwalwa

Yau za mu yi magana a kan wata cuta wadda ke shiga a hankali, sau da yawa sai ta taɓa ido kana a gane ta.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake, zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi. Likitoci suna kiranta fituwitari. Ita ce ke zuba wa jini sinadaran da ke sarrafa girman jiki, da al'adar mata, da ruwan nono. Wani lokaci ƙari yakan tsira a jikinta. Galibinsa ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki. Amma gurbin nan matsattse ne, in ƙarin ya wuce santimita 1 sai ya soma neman hanya.

Hanya uku gare shi. In ya yi sama, sai ya danne jijiyoyin gani daidai inda suka gitta juna. Mutum yana ganin gabansa sarai, amma gefe da gefe ya dushe. Sai ya riƙa karo da bakin ƙofa, ko babur ya zo ta gefensa bai gani ba. In ya yi gefe, sai ya matse jijiyoyin da ke juya ido, mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu, ko fatar ido ta sauko. In ya yi ƙasa, yakan cinye ƙashi har ya shiga kogon da ke bayan hanci.

Akwai kuma alamun da kan riga waɗannan. Mace al'adarta ta ɗauke, nono yana zuba, ba ciki ba goyo. Sai a ce ciki ne ya kwanta, a yi shekaru ana jira. Namiji kuwa sha'awarsa ta ragu. Wani tafin hannunsa da ƙafarsa su yi ta girma bayan ya manyanta, takalmi da zobe su ƙi shiga, haɓa ta turo gaba.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Ka rufe ido ɗaya, ka kafa ɗayan a hancin ɗan'uwanka. Shi kuma ya kawo yatsansa daga gefe yana motsa shi. In ba ka gan shi ba sai da ya zo kusa da gabanka, to, je ka faɗa wa malamin asibiti.

Wannan ba yanar ido ba ce, ba kuwa sammu ba. Kada ka yarda mai cire yana ya sa maka tsinke a ido, gama cutar ba a cikin idon take ba. Malamin asibiti zai ba ka takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda akwai sashen aikin ƙwaƙwalwa. Can za a auna jini, a ɗauki hoton kai.

Irin ƙarin da ke kawo ruwan nono, ƙwayar magani takan motsar da shi, al'ada ta dawo, mace ta haihu in Allah ya so. Sauran akan cire su ta hanci, ba sai an fasa kai ba. Tun 1907 aka fara wannan aiki a ƙasar Ostiriya.

Ku riƙe wannan: jijiyar gani in an ɗauke mata nauyi da wuri takan farfaɗo, in ta daɗe a danne ta mutu ke nan. Wanda kuma ciwon kai mai tsanani ya kama farat ɗaya, ga amai, ga gani ya dushe, kada a kwana da shi a gida, a nufi Sakkwato nan take.

Allah ya ba mu lafiya, amin.