KWANA 16,000 NA IMAMU NAWAWI, DA NAMU DA KE ZURAREWA

Wannan shi ne matanin jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar wa matasa a wajen zaman karatunsu na mako-mako. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, da salati ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa, 'yan uwa, an ce in yi magana a kan lokaci da yadda yake guje mana. To, ni ba malami ba ne, ɗalibi ne kamarku, saboda haka zan ɗauko rayuwar mutum ɗaya da duk muka san sunansa, mu auna kanmu da ita.

Duk wanda ya yi Islamiyya a cikinmu ya riƙe littafin Arba'una Hadisi, wasunmu ma sun sha bulala a kan haddarsa. Amma da za a tambaye mu shekara nawa mai littafin ya yi a duniya, da yawa za su zaci wani tsoho ne tukuf mai furfura har a gira. Alhali kuwa Imamu Yahaya bin Sharaf An-Nawawi, Allah Ya yi masa rahama, an haife shi a watan Muharram na shekara ta 631 bayan Hijira, ya rasu a Rajab na 676, wato 1233 zuwa 1277 Miladiyya. Shekara 45 ke nan. In ka buga lissafi da shekarar Musulunci mai kwana 354, za ka samu kwana 16,000 da 'yan kai. Iyakar jarin da aka ba shi ke nan.

Yanzu kai mai shekara 25, ka riga ka cinye kwana sama da 9,000. Da a ce ajalinka irin nasa ne, to ka wuce rabi tuni. Ga kuma wani abin da ba mu cika lura da shi ba. Shekarar wata ta gaza ta rana da kamar kwana 11, don haka duk wanda takardar haihuwarsa ta ce 32, a lissafin Hijira ya kai 33. Ashe ma mun fi yadda muke zato tsufa.

An haife shi a wani gari da ake kira Nawa, kudu da Dimashƙa, a ƙasar Siriya ta yau. Masu tarihinsa sun ce yana ɗan shekara goma yara kan ja shi wasa, shi kuwa yana gudunsu yana kuka yana karatun Alƙur'ani. Mahaifinsa ya sa shi tsaron kanti, amma karatu ya ɗauke masa hankali daga ciniki. A 649, yana da shekara 18 ko 19, mahaifin ya kai shi Dimashƙa, ya sauka a makarantar Rawahiyya. Ku riƙe wannan da kyau, domin akwai masu cewa su kam sun makara. Shekarun wanda ya gama sakandare ke gare shi lokacin da ya shiga zurfin karatu.

Abin da ya yi da ya isa can shi ne wajen tsayawa. Ya haddace littafin Tanbihi na Shirazi, littafin fiƙihu ne sukutum, a cikin kamar wata huɗu da rabi. Almajirinsa Ibnul Aɗɗar ya ruwaito cewa darasi 12 yake ɗauka a gaban malamai kowace rana, akwai fiƙihu, akwai hadisi, akwai usulu, akwai nahawu da sarfu da lugga. Kuma ba zama kawai yake yi a ce an gan shi ba, yana rubuta bayanin abin da ya shige duhu, yana gyara wasulan kalmomi. Ko a hanya yake tafiya, yana maimaita hadda ko yana bita. An ce ya yi kimanin shekara biyu bai sa haƙarƙarinsa a ƙasa ba, in barci ya ci ƙarfinsa sai ya jingina da littattafai, in ya farka ya ci gaba.

Na san abin da wani zai ce a zuciyarsa. Zai ce ai su zamaninsu lafiya lau ne, babu tsadar rayuwa, babu tashin hankali, mu kuwa ga halin da ƙasa take ciki. To, ɗan uwa, buɗe tarihi ka gani. Yana cikin karatun nan, a 656, wato 1258, rundunar Mongol ta Hulaku ta shiga Bagadaza, ta kashe Halifa, ta yi wa mutanen birnin kisan kiyashi. Bayan shekara biyu suka iso Sham, har Dimashƙa ɗin da yake zaune ta faɗa hannunsu, kafin sojojin Masar su karya su a yaƙin Ainu Jalut cikin Ramadan na 658. Ga kuma 'yan Salibiyya riƙe da garuruwan bakin teku. A cikin wannan hayaƙin mutumin nan ya yi karatunsa. Da ya ce bari ƙura ta lafa tukuna, da har ya mutu bai buɗe littafi ba, domin ƙurar ba ta lafa ba a rayuwarsa.

Wannan "bari tukuna" ita ce cutar da ke cin mu. Bari sakamakon jarrabawa ya fito, bari a samu gurbin karatu, bari a gama bautar ƙasa, bari a samu aiki, bari a yi aure. Kowane mataki ɗakin jira ne, muna zaune a ciki kamar fasinja a tasha, muna ganin rayuwa ba ta fara ba sai mota ta tashi. Alhali mala'iku ba su ajiye alƙalami ba don kana jira. Ku tuna 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba laifin ɗalibai ba ne, kuma an cuce su, wannan babu ja. Amma wata takwas ya kusa ninka abin da Nawawi ya ci wajen haddace Tanbihi. Wani a cikin watannin ya koyi ɗinki ko gyaran waya, wani ya haɗa izu goma, wani kuwa in ka tambaye shi abin da ya yi, sai ya sosa ƙeya. Duk wata takwas ɗin aka ba su.

Kuma ba a sace mana lokaci dunƙule, da kaɗan-kaɗan ake zarewa. Awa biyu a rana, in ka tara a shekara, awa 730 ne, wato kwana 30 cur, dare da rana. To, waye a cikinmu awa biyu kawai yake yi a kan waya? Ka ɗauko ta don ka duba saƙo ɗaya, sai ka tsinci kanka kana kallon bidiyon mutumin da ba ka sani ba, yana rigima da wani wanda shi ma ba ka sani ba, har a kira Magariba. A bar waya, a zo teburin mai shayi, inda ake kwana musu a kan ɗan ƙwallon da ke karɓar albashinsa a Ingila bai san da zamanka ba. Ni ban ce wasa haramun ne ba, ba ni da wannan hurumin, kuma zuciya tana bukatar hutu. Amma hutu na wanda ya gaji ne. Mu gaji tukuna.

Mu koma ga Imamu. Ya fara wallafa ne wajen shekara ta 660, yana dab da shekara talatin. Ke nan duk abin da ya bar mana, a cikin kamar shekara 16 ya rubuta shi. A ciki akwai Arba'una ɗin nan, wadda a haƙiƙa hadisi 42 ne a cikinta, akwai Riyadus Salihin da ake karantawa a masallatanmu, akwai Al-Azkar, akwai sharhin Sahihu Muslim mai mujalladai da yawa, akwai Minhajuɗ Ɗalibin. Shi Bashafi'e ne, mu nan mazhabar Malik aka fi bi, amma wannan bai hana littattafansa shiga kowane zaure ba. A 665 aka ba shi shugabancin Darul Hadisil Ashrafiyya a Dimashƙa. Kuma kada a ɗauka mutum ne da ya kulle kansa a ɗaki bai san halin da talaka yake ciki ba. Ya rubuta wa Sarki Zahir Baibaras wasiƙu yana yi masa nasiha a kan harajin da ake ɗora wa jama'a da gonakin da hukuma ta so ƙwacewa, a lokacin da faɗa wa irin wannan sarki gaskiya yana iya cin ran mutum.

Amma ga abin da ya fi taɓa ni a tarihinsa. Babban aikinsa, Al-Majmu'u, sharhin Muhazzab, bai gama shi ba. Yana cikin babin ciniki, wajen maganar riba, ajali ya zo. Bayansa Taƙiyyuddin As-Subki ya ɗora, shi ma ya rasu bai kai ƙarshe ba, sai a ƙarni na 20 wani malamin Masar, Muhammad Najib Al-Muɗi'i, ya cike. Mutumin da bai yarda ko tafiya a hanya ta wuce shi a banza ba, lokaci bai ishe shi ba. To ina ga wanda yake cewa yana neman abin da zai kashe lokaci da shi?

A nan dole in yi wata togaciya, don kada wani ya fita ya ce an ce a daina barci. Nawawi bai yi aure ba, kuma an ruwaito sau ɗaya yake cin abinci a yini, bayan Isha. Wannan halinsa ne, Allah Ya ba shi ikonsa, ba shi aka ɗora mana ba. Aure sunna ne, jiki yana da haƙƙi, iyali suna da haƙƙi. Abin ɗauka a wajensa shi ne sanin darajar yinin da ke hannu. Kuma wannan ya wuce karatu kaɗai. Ƙarfin da ke jikinka yau, ka yi tafiyar ƙasa ba ka haki, ka ci abin da ka samu ya zauna lafiya, ka kwanta barci ya ɗauke ka nan take, ni'ima ce wadda dattijon unguwarku zai ba da abin da ya mallaka ya same ta na mako ɗaya. Ka ji daɗinta ta hanyar halal, ka gode wa Wanda Ya ba ka.

Haka nan mutanen da ke kewaye da kai. Mahaifiyarka tana zaune a tsakar gida tana son a yi hira da ita, kai kana ƙofar gida kanka a sunkuye kan waya. Kakarka tana da tarihin gidanku kaf a kanta, ba ka taɓa zama ka tambaye ta ba. Mun saba ɗauka cewa su za su riga mu, saboda haka muna cewa za mu kyautata musu kafin su tafi, in mun samu kuɗi. Ba lallai ba ne a bi wannan layi. Nawawi a gidan mahaifinsa ya yi jinya ya rasu, mahaifin yana raye. Wanda ya kai shi makaranta shi ya ga rasuwarsa. Mu ma nan duk mun sha bin gawar sa'anmu zuwa maƙabarta, wanda muka yi sallar Juma'a tare da shi a sahu ɗaya.

Masu tarihi sun ce da ƙarshen rayuwarsa ya mayar da littattafan waƙafi da ya ara, ya ziyarci kaburburan malamansa, ya yi sallama da abokansa, ya je Ƙudus da Halil, sannan ya koma Nawa. Can ciwo ya kama shi, ya cika ranar 24 ga Rajab. Shi ya samu damar mayar da kayan aro. Ba kowa ake ba wannan ba. Saboda haka wanda ya san akwai littafin wani a ɗakinsa, ko bashin da yake ta ɗagawa, ko ɗan uwan da suka yi wata uku ba sa magana, ya san inda zai nufa in mun tashi daga nan.

Abin da nake roƙon 'yan uwa ɗan kaɗan ne. Daga yau zuwa zama mai zuwa, kowa ya samu takarda ya riƙa rubuta, kafin ya kwanta, inda yininsa ya tafi daga Asuba zuwa Isha, kuma ya rubuta gaskiya, tunda ba wanda zai duba sai shi. Sannan kowa ya lalubo Arba'unarsa a inda ya jefa ta tun barin Islamiyya, ya kaɗe ƙurar, ya zo da ita. Hadisi ɗaya za mu riƙa ɗauka kowane mako, in Allah Ya ja kwana cikin mako 42 mun sauke.

A nan zan dakata, na ga an kusa kiran salla. Allah Ya jiƙan Imamu Nawawi da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.